Sankarar Ƙashi a Gwiwar Ƙafar Gaban Kare

Likitocin dabbobi sun daɗe da lura cewa sankarar ƙashi ta fi kama manyan karnuka irin su Rottweiler, kuma takan kauce wa gwiwar ƙafar gaba, ta tsiro kusa da kafaɗa ko wuyan ƙafa. Idan kuwa ta ɓulla a gwiwar, da wuya tiyata ta ceci ƙafar, sai dai a yanke ta. Yankewar tana kawar da raɗaɗi, amma galibi cutar ta riga ta kai huhu kafin a gano ta. Shi ya sa karen da aka yanke wa ƙafa kaɗai yakan rayu wata 4 zuwa 5, wanda aka haɗa masa da maganin kaboplatin kuwa yakan kai wata 10 zuwa 12.