Ɗan Azzalumi da 'Yar Wadda Aka Zalunta: Soyayya Ce ko Wanke Laifi?

Daga 2005 zuwa 2008 tashar Nickelodeon ta Amurka ta nuna katun ɗin Avatar: The Last Airbender, kashi 61. Labari ya ƙare, amma gardamar masoyansa tana nan daram. Masu shirin sun haɗa Katara da Aang, jarumin shirin, a soyayya, sai dai ɗimbin 'yan kallo sun ce atafau Zuko ne ya dace da ita, har suka laƙaba musu suna "Zutara", suna rubuta musu labaran soyayya.

Masu adawa da haɗa Zuko da Katara suna da hujja mai ƙarfi. Zuko yariman Ƙasar Wuta ne, wadda ta shekara 100 tana cin maƙwabtanta da yaƙi. Katara kuwa 'yar Ƙabilar Ruwa ta Kudu ce, kuma sojan ƙasar su Zuko ne ya kashe mahaifiyarta, Kya. Zuko da kansa ya kai wa ƙauyen su Katara hari, ya taɓa ɗaure ta a jikin bishiya yana kwaɗaita mata sarƙar wuyan uwarta don ta tona inda Aang yake. Masu adawar suka ce haɗa su a soyayya tsohon salo ne na shafa wa mulkin mallaka zuma, irin yadda kamfanin Disney ya mayar da tarihin Pocahontas, 'yar asalin Amurka, soyayya a 1995, alhali Turawan Ingila kama ta suka yi a 1613, ta rasu a ƙasarsu a 1617.

Magoya baya kuma suka ce laifin uba ba ya hawa kan ɗa. Zuko yana ɗan shekara 13 ubansa Ozai ya ƙona masa fuska ya kore shi. Daga baya ya juya wa fada baya, ya raka Katara har gaban Yon Rha, wanda ya kashe uwarta, sannan ya tare tsawar da ƙanwarsa Azula ta harba mata da ƙirjinsa. Ita ma ba ta yafe da arha ba: bayan ya ci amanarta a birnin Ba Sing Se, ta daɗe tana yi masa kallon hadarin kaji.

Gaskiyar magana, asalin saurayi ba shi ne abin dubawa ba, yadda aka gina labarin ne. Shin ya tuba ya biya farashi kafin a fara zancen so? Ko kuwa an mayar da yarinya maganin zuciyarsa da ladan shiryuwarsa, aka manta da nata raunin? Na farko labarin tuba ne, na biyu kuwa wanke azzalumi ne.

Wannan ma'auni ya shafi littattafanmu na soyayya ma, inda miji zai yi ta gallaza wa mata, ita kuma a ce ta yi haƙuri har ya shiryu. Mai karatu, kafin ka tafa wa irin wannan soyayya, tambayi kanka: wa ya sha wuya, wa kuma ya ci riba?