Wayar Hannu Ko Kalkuleta?

Wata baiwar Allah daga Mairuwa ta aiko mana da tambaya. 'Yarta tana ajin ƙarshe na sakandare, ta matsa a saya mata kalkuleta, watau na'urar lissafi. Ita kuwa uwar ta ce ga waya nan a ɗaki tana lissafi, don me za a sake kashe kuɗi? To, ga amsa, domin mun san ba ita kaɗai ba ce.

Kalkuleta iri biyu ce. Akwai ƙarama ta 'yan makaranta, wadda a ke samu a kantunan Funtuwa. Akwai kuma babba mai zana lissafi a fuskarta, wadda kamfanin Casio ya fara fitarwa a 1985. Wannan babbar tana da tsada ƙwarai, kuma lalle waya ta ɗauke mana nauyinta. Akwai manhajoji biyu na kyauta, GeoGebra da Desmos. Yarinya za ta rubuta lissafinta, nan take ta ga zanen ya fito. In ta canja lamba, zanen ya canja. Abin da malam ya yi ta bayani a kan allo, sai ga shi a tafin hannunta.

Amma fa ku lura da kyau. Ba a shiga jarrabawar WAEC ko NECO da waya. Wadda aka kama da ita, ana iya soke mata jarrabawa, wahalar shekara shida ta tashi a banza. Ƙaramar kalkuleta ita aka yarda da ita, zane kuwa da fensir a ke yinsa a takarda. A jarrabawar JAMB ma ba a shiga da ko ɗaya, kalkuletar tana cikin kwamfuta. Saboda haka ƙaramar nan wajibi ce. A saya tun da wuri hannu ya saba, ba a fafe gora ranar tafiya.

In za a sa manhaja a waya, a duba abu uku. Na farko, ta zama mai aiki ko babu sabis. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa saboda 'yan bindiga, aka yi watanni a haka. Na biyu, a guji mai cika fuska da talla, domin tana cin data, tana kuma ɗauke hankalin yaro. Na uku, a gwada ta. A buga 2 + 3 × 4. In ta ba da 14, ta san ƙa'ida, gama ninkawa a ke fara yi kafin tarawa. In ta ba da 20, ba ta makaranta ba ce.

Sa'an nan ke uwa, in kin miƙa waya don karatu, ki zauna kusa, ko kina tsinkar zogale ne. Ta fara yin lissafin da hannunta, kāna ta duba a waya ko ta yi daidai. Wadda waya ke yi wa aiki kullum, ranar jarrabawa sai ido.

Allah ya ba yaranmu sa'a, amin. Sai mako mai zuwa.