Yaron Jarumi da Ya Dawo Daga Kabari

Duk wanda ya taso a cikin birnin Kano ya san matsayin yaro a wurin ubangidansa. A Kasuwar Kurmi yaro ne ke buɗe rumfa da sassafe, shi ake aika Kantin Kwari, shi ya san inda ake ajiye makulli. In ya yi shekaru yana biyayya sai a yaye shi da jari, ya kafa tasa rumfar, maigida kuma ya ɗauki wani. Littattafan zane na Amurka, waɗanda ake ba da labari a cikinsu da hotuna jere da ɗan rubutu, sun daɗe suna ba jarumansu irin wannan yaro. Ɗaya daga cikin yaran nan masu karatu ne suka yanke masa hukuncin kisa, bayan shekara 17 kuma kamfani ya tashe shi, har yau ba a gama muhawara a kansa ba.

Yadda aka kashe Robin

Batman ya fara fitowa a 1939. Shekara guda bayan haka aka ba shi yaro maraya mai suna Dick Grayson, aka yi masa laƙabi da Robin, domin jarumi ya sami abokin magana, yara masu sayen littafin kuma su ga tsaransu a ciki. A 1984 Dick ya girma, ya ajiye rigar Robin ya koma cin gashin kansa da sunan Nightwing. Wanda ya gaje shi shi ne Jason Todd, wanda aka fara zanawa a 1983.

A 1987 aka sake wa Jason asali. Aka mai da shi ɗan titi da Batman ya kama yana kwance tayoyin motarsa, mai kunnen ƙashi da zafin zuciya, wanda ba ya jin bari. Masu karatu da yawa suka ƙi jininsa, suka riƙa rubuto wasiƙu suna cewa wannan bai kama ƙafar na farko ba. Editan littafin, Dennis O'Neil, ya yanke shawarar a bar musu wuƙa da nama.

A 1988 Jim Starlin ya rubuta labarin A Death in the Family, Jim Aparo ya zana. Jason ya tafi neman mahaifiyarsa har ƙasar Habasha, ya faɗa hannun Joker, babban maƙiyin Batman. Joker ya yi masa dukan kawo wuƙa da ƙarfe, ya bar shi a ɗakin ajiya tare da bam. A ƙarshen fitowa ta 427 ta littafin Batman, kamfanin DC mai wallafa shi ya buga lambobin tarho biyu, ɗaya ta masu son ya rayu, ɗaya ta masu son ya mutu, kowane kira kuma santi 50 ne. Tun kafin a ƙirga an zana ƙarshen labarin iri biyu an ajiye. Da aka tattara, kira 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Kira 72 ne kacal tsakaninsu.

Daga nan aka rataye rigar Jason cikin akwatin gilashi a kogon Batman. Duk marubucin da ya zo baya, in yana son nuna jarumin cikin nadama, sai ya tsayar da shi gaban rigar nan.

Shekarar da matattu suka tashi

Masu karanta littattafan zane sun saba ganin jarumi ya mutu yau ya dawo baɗi. Superman kansa ya mutu a 1992 ya dawo a 1993. Amma akwai mutum uku da suke cewa su kam tasu ta ƙare: kawun Spider-Man mai suna Ben, da Jason Todd, da Bucky Barnes, yaron Captain America na kamfanin Marvel. Bucky ya fito tun 1941, a 1964 kuma aka bayyana cewa ya mutu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu yayin da wani jirgi mai ɗauke da bam ya tarwatse da shi.

A 2005 biyu daga cikin ukun suka dawo. Ed Brubaker ya rubuta cewa sojojin Tarayyar Sobiyat ne suka tsamo Bucky daga ruwan ƙanƙara, suka sa masa hannun ƙarfe, suka shafe masa tunani, suka mai da shi makashi mai suna Winter Soldier. In ya gama aiki sai su daskarar da shi sai wata buƙata ta taso, shi ya sa bai tsufa ba. Judd Winick kuwa ya dawo da Jason sanye da jar hular kwano, da sunan Red Hood, yana harbe miyagun da ubangidansa ya rantse ba zai taɓa kashewa ba.

Ra'ayi ya rabu uku

Kashi na farko suka ce an ci amanarsu. A ganinsu mutuwa a labari alkawari ce tsakanin marubuci da mai karatu. Sun biya kuɗin kira, wasu sun yi baƙin ciki, ga shi an ce duk wasa ne. In kowa zai dawo, me zai sa gaban mai karatu ya faɗi idan aka nuna jarumi a bakin rami?

Kashi na biyu ba su damu da dawowar ba, hujjar da aka bayar suka auna. A nan Bucky ya yi nasara, don ba a taɓa ganin gawarsa ba, labarin nasa kuma ya dace da zamanin Yaƙin Cacar Baka. Jason kuwa an binne shi kowa na gani. Da aka zo bayani a 2006, sai aka ce wani mai ƙarfi, Superboy-Prime, ya naushi bangon da ya raba duniyoyi, girgizar ta sauya tarihi, Jason ya farka a cikin kabari. Masu karatu suka yi ta yi wa wannan hujja dariya. Da aka yi fim ɗin zane na labarin a 2010, Winick da kansa ya bar maganar naushi, ya ce an tsoma gawar ne a wata rijiya mai ruwan raya matacce. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba zai ga baƙon abu ba a ruwan da ake tafiya duniya nema don maganinsa.

Kashi na uku suka ce Jason na biyu ya fi na farko armashi. Ya dawo da ƙara guda a kan ubangidansa: Joker ya kashe shi, amma Batman ya bar Joker yana numfashi, har ya ɗauki sabon yaro, Tim Drake, tun a 1989. Bakane zai gane zafin wannan ƙara ba sai an yi masa bayani ba. Yaro yana da haƙƙi a kan maigida, kuma abin kunya ne a taɓa yaronka ka yi shiru.

Mu ma mun san irinta

Ikon mai karatu a kan marubuci bai fara daga Amurka ba. Marubuci Arthur Conan Doyle ya kashe jarumin labaransa Sherlock Holmes a 1893, masu karatu a Ingila suka hana shi sakat, ya dawo da shi da rai a 1903. A Kano ma, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa a shekarun 1990, akan fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, marubuci yana sa adireshinsa a ciki. Wasiƙun masu karatu kan riske shi kafin ya gama rubuta ci gaba. Masu kallon finafinan Indiya kuma sun ga Karan Arjun na 1995, inda aka kashe 'yan'uwa biyu aka sake haihuwarsu don su yi ramuwa. Ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin aƙida. Wanda ya tashi da jin tatsuniya a tsakar gida ya san akwai ƙurunƙus a ƙarshe.

Abin da mai karatu ba ya yafewa shi ne a dawo da mutum kamar ba abin da ya faru. Bucky ya dawo da hannun ƙarfe da alhakin rayukan da ya ɗauka, Jason ya dawo da ƙullin zuciya, shi ya sa duka biyun suka zauna. Bucky ya kai ga babban fim a 2014, Jason ya sami nasa littafin. A 2023 kuma DC ta ɗauko shafukan nan da Aparo ya zana aka ajiye, waɗanda Jason ya tsira a cikinsu, ta buga. Masu kira 5,271 sai da suka jira shekara 35 kafin su ga abin da suka zaɓa.