Shin Jirgin Ruwa Na Kai Mutum Tumbutu?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar busasshen kifi daga Yawuri, ya aiko da takarda yana tambaya: wai gaskiya ne ana zuwa Tumbutu ta ƙasar Mali a jirgin ruwa, alhali garin a bakin hamada yake?

To malam, gaskiya ne. Kogin Kwaran nan da ke wucewa ta garinku, shi ne dai can sama. A al'ada babban jirgin fasinja yakan taso daga Kulikoro, kimanin kilomita 60 daga Bamako, ya biya Segu, ya yada zango a Mopti, inda kogin Bani ya haɗu da Kwara. Nan kam sai ka ga 'yan sana'arka: busasshen kifi tuli a bakin ruwa, ga allunan gishirin Taudeni da ake kawowa Tumbutu ta hamada, kwale-kwale su ƙaraso da su. Amma fa jirgi ba ya shiga Tumbutu kanta. A da Kabara ake sauka, kilomita 8 daga gari. Da yashi ya cike mashigar sai aka koma Koriyume.

Sai dai babban jirgi ba ya motsi sai kogi ya cika, wato daga wajen Agusta zuwa ƙarshen shekara. Da rani sai kwale-kwale masu inji. Ga kuma batun tsaro: ran 7 ga Satumba 2023 'yan bindiga sun kai wa jirgin fasinja hari tsakanin Tumbutu da Gao, mutane da dama suka rasu. Kada ka ɗaure kaya sai ka ji ta bakin fataken da suka dawo kwanan nan.