Zauren Iska: Inda Ake Jarraba Bakin Injin Jirgin Sama

Hirarmu ta yau kan jirgin sama ce.

Akwai jiragen da ba su buƙatar dogon fili. Ɗayansu shi ne Twin Otter, wanda ya fara tashi a ƙasar Kanada a 1965. Filin da bai kai rabin kilomita ba ya ishe shi. Irinsa ne ke kai likita da magani inda babu babban filin jirgi.

A cikin injin jirgi wuta ce ke ci. Kun san wutar maƙera. In zugazugi ya tsaya, sai ta kwanta. Haka inji yake. Yana da baki a gaba, inda yake shaƙar iska.

Ga inda wuyar take. Wajen tashi daga gajeren fili, jirgi yana ɗaga kai ƙwarai, gudunsa kuwa kaɗan ne. Sai iska ta zo wa bakin a karkace, ta murɗe. Inji yana iya ƙwarewa, kamar mai shan fura da gaggawa. In ƙarfinsa ya ragu a lokacin nan, rayukan mutane suna cikin haɗari.

Shi ya sa ake jarraba bakin tun a ƙasa, cikin zauren iska. Dogon ɗaki ne mai manyan fankoki. Ana kafe inji ko samfurinsa a tsakiya, a sako masa iska. A karkata shi sama, a karkata shi gefe. Ana liƙa zare a bakin. In zaren ya kwanta, iska tana shiga daidai. In yana rawa, sai a sake siffar bakin, a sake gwaji.

Dabarar ta daɗe. Wilbur da Orville Wright, wa da ƙane, sun yi ta cikin akwatin katako a Amurka a 1901. A 1903 jirginsu ya tashi.

Mu ƴan ƙasar rairayi, akwai abin da ya shafe mu. Yashi yana cinye inji. Don haka ake lanƙwasa hanyar iska a bakin waɗansu injuna. Iska ta sha kwana ta shiga, yashi mai nauyi ya wuce waje. Kamar shiƙar hatsi ke nan, tsaba daban, ƙaiƙayi daban.

Ku tattauna da malaminku: don me ake gwaji a ƙasa kafin a ɗauki mutane? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.