Fada Isaac Achi da Kirsimetin Madalla

Ranar Lahadi ce, 25 ga Disamba, 2011. An idar da sujadar safe a cocin St. Theresa na ɗariƙar Katolika da ke Madalla, kusa da Suleja a Jihar Neja, jama'a na fitowa cikin ɗinkin Kirsimeti, yara na gaba iyaye na biye, masu mota na neman hanyar fita. A daidai lokacin ne wata mota ɗauke da bam ta tashi a bakin ƙofar cocin. Wasu iyalai a cikin motocinsu suka ƙone, uba da 'ya'yansa wuri guda. Da ƙura ta lafa, waɗanda suka rasu sun haura arba'in, masu rauni kuwa da yawa. A ranar kuma an kai hari Jos da Damaturu da Gadaka, Boko Haram ta ce ita ta aikata.

Limamin cocin shi ne Fada Isaac Achi, ɗan yankin Kafin Koro a ƙaramar hukumar Paikoro. Allah ya tsirar da shi, amma tsira ce mai nauyi. Mutanen da ya yi wa albarka ɗazu-ɗazu, su ne kwance a bakin titi. Ya san su da sunayensu, ya san gidajensu. Matasa suka fusata suka tare babbar hanya, har sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. A irin wannan rana, da malamin addini ya saki kalma ɗaya ta zuga, da Madalla da Suleja sun kama da wuta, kuma Hausawa masu tireda da 'yan acaɓa da ba su ji ba ba su gani ba, su za su biya bashin. Fada Achi bai saki wannan kalma ba.

Manya sun yi nasu. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya gana da Shugaba Goodluck Jonathan bayan kwana biyu, ya nuna cewa rigimar tsakanin mutanen kirki ce da miyagu, babu ruwan Musulunci da Kiristanci a ciki. Ranar 31 ga Disamba Jonathan ya je cocin, ya kuma kafa dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomi, har da Suleja. An kama Kabiru Sokoto, wanda aka zarga da kitsa harin, a Abuja, ya kuɓuce a Abaji, aka sake cafke shi a Mutum Biyu, kotu ta yi masa ɗaurin rai da rai a Disambar 2013.

Sai dai hukuncin kotu ba ya shiga ɗakin matar da ta rasa miji da 'ya'ya a safiya ɗaya. Wannan aikin a kan limamin da ikilisiyarsa ya faɗa. Ranar 1 ga Fabrairu, 2012, aka yi jana'izar da yawa daga cikin mamatan, aka binne su a harabar cocin, inda duk mai zuwa sujada zai wuce ta gefensu. Tun daga lokacin, abin da Fada Achi ya riƙa nanata wa mutanensa shi ne su koyi yafe wa wanda ya cuce su da gangan. Faɗar haka a kan mumbari abu ne mai sauƙi idan masu sauraro lafiyarsu ƙalau. Shi kuwa yana faɗa ne a gaban marayu da masu tabon ƙuna. Ni a ganina nan ne jarumtarsa take, domin wanda ya ce wa mai makoki ya yafe, dole ya shirya haɗiye fushinsa, ya kuma koma gidan gobe da jibi.

Ba a rufe cocin ba. Da Kirsimetin 2012 ta zagayo, aka yi sujada a wuri guda, da jami'an tsaro a ƙofa ana bincika mutane, jama'a kuma suka zo. Kirista yana cewa a wannan rana aka haifi Yesu Almasihu, Sarkin Salama, kuma a kansa begensa yake. Mutanen Madalla sun riƙe wannan bege a gefen kaburburan 'yan'uwansu, da tsoro a zuciya, amma da ƙafarsu suka zo.

Mu mutanen Gwaram da Birnin Kudu ba baƙi ba ne ga irin wannan tashin hankali. A watan Afrilun 2014 'yan bindiga sun afka wa ofishin 'yan sanda a Gwaram, aka yi asarar rayuka. Wanda ya ji ƙarar wannan dare zai fahimci abin da ake nufi da mutum ya koma wurin da aka kashe nasa ya durƙusa ya yi addu'a.

Daga baya aka mayar da Fada Achi gida, cocin Saints Peter and Paul a Kafin Koro. Da tsakar daren Lahadi, 15 ga Janairu, 2023, makonni uku da Kirsimeti, 'yan bindiga suka kewaye gidan limaman. Mataimakinsa, Fada Collins Omeh, wanda ya tsira da raunin harbi, ya ba da labarin cewa a cikin wannan hali sai da kowannensu ya furta zunubansa ga ɗan'uwansa, kuma Fada Achi, da harsashi a jikinsa, shi ya ce masa ya gudu ya tsira da ransa. Maharan suka cinna wa gidan wuta, Fada Achi ya rasu a ciki. Bayan kwana biyu fusatattun mutane suka ƙone ofishin 'yan sandan garin, irin abin da shi ya ƙi zuga mutane su yi a Madalla.

Duk wanda ke da maƙwabci Kirista da ya rasa wani a waɗannan shekaru na jini, idan Kirsimeti ta zo ya taka ya je gidansa ya gaishe shi, ya ambaci sunan mamacin, ya yi masa ta'aziyya ko da shekara goma ta wuce.