Me ke sa jini ya tsaya idan mun ji ciwo?

Dukanmu mun taɓa yankewa da lauje ko wuƙa, jini ya zuba kaɗan ya tsaya da kansa. Ba kasafai muke tambayar dalili ba, amma sanin sa na iya ceton rai.

Da zarar jijiyar jini ta yanke, sai ta tsuke. Nan take wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ɓargo ke yi, waɗanda likitoci ke kira filatilet, su taru su manne a bakin ciwon. Wannan toshiyar ba ta da ƙarfi. Sai wasu sinadarai da hanta ke yi su tashi aiki, wannan ya ta da wancan, har a samu zaruruwa masu kama da komar kamun kifi, su kama ƙwayoyin jini su zama guda. Hanta ba ta iya yin wasu daga cikin sinadaran nan sai da bitamin K, wanda muke samu a ganyaye irin su alayyahu da zogale. Jarirai kan zo duniya da ƙarancinsa, shi ya sa ake yi masu allurarsa bayan haihuwa.

Jiki kuma yana da birki. Akwai sinadaran da ke hana daskarewar wuce bakin ciwon, da wani da ke narkar da gudan idan wurin ya warke. In jini ya daskare a inda bai kamata ba, misali a ƙafar wanda ya daɗe kwance ko mai jego, ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, mu kai shi asibiti, domin gudan na iya tafiya huhu.

Inda abin ya fi shafar mu manoma shi ne saran kububuwa. Dafinta na sa jiki ya ƙarar da sinadaran daskarewa a banza, sai jini ya riƙa fita ta dadashi, ko fitsari, ko wani ciwon da bai gama warkewa ba. Mutum na iya jin daidai a ranar farko, kuma nan ne yaudarar take. A asibitocin da suka saba da wannan aikin, kamar na Kaltungo a Jihar Gombe, akan zuba jinin a busasshiyar kwalba mai tsabta a jira minti 20. In bai daskare ba, ana bukatar allurar kashe dafi. Kada mu tsaga wurin saran, kada mu ɗaure tamau, kada kuma mu ba da asfirin, domin yana raunana filatilet na kusan mako guda.

Ga yankan yau da kullum, mu danne da ƙyalle mai tsabta minti 10 ba leƙawa, mu ɗaga wurin sama. Ƙasa da toka da kashin shanu ba sa taimakon komai, tetanus suke jawowa. In jinin ya ƙi tsayawa, a ci gaba da dannewa har a isa asibiti.